Mata Bakwai a Kan Katin Leticia

Duk wanda ya zauna a unguwar tirela, wato ƙananan gidaje masu taya, da ke bayan gidan tattara tuffa, can ƙasan kwarin Yakima, ya san Doña Eufrosina Bautista. Ko bai san fuskarta ba ya san muryarta, don ba ta iya magana a hankali ba, gaisuwa ma idan tana yi sai baƙo ya ɗauka faɗa ne. A wani ƙauye na kan duwatsun Oaxaca, can maƙwabciyar ƙasa ta kudu, aka haife ta. Aji biyu ta yi aka cire ta daga makaranta ta riƙe ƙannenta. Tana da shekara talatin da uku ta tsallako iyaka da ƙafa ita da mijinta Gumersindo, shi kuma bai daɗe ba, a shekara ta shida aka tare shi a hanya saboda fitilar mota ɗaya da ta mutu, aka mayar da shi gida, can ajali ya same shi. Ita ta zauna. Shekara goma sha tara tana tsaye gaban bel ɗin inji, tuffa na wucewa tana tsince mai tabo, idan lokacin 'ya'yan itacen ceri ya zo a juya ta kan ceri. Ba ta da takardar zama, kuma ta daɗe da daina yi wa kanta ƙaryar za ta samu.

Amma ba don aikin aka san ta ba, don kati ne.

Akwai wata Leticia Barragán da ta taɓa zama a tirela ta tara, mai takardu na gaske. Da uwarta ta kwanta ciwo ta tattara ta koma Michoacán, ta bar wa Eufrosina katinta na ƙaramin asibitin gari, ta ce ko wata za ta buƙata. Wata kuwa ta buƙata, bayanta wata ta sake buƙata. Kafin a ankara mata bakwai ne ke rashin lafiya da sunan Leticia, katin kuma yana kwance cikin gwangwanin biskit a kicin ɗin Eufrosina, tare da allura da zare. A unguwar kowa ya yarda cewa wanda ba shi da takarda, idan ya taka asibiti da sunansa, ya kai kansa ne hannun jami'an shige da fice. Ba wanda ya taɓa ganin an yi wa wani haka, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya ji labari.

Eufrosina ta riƙe katin da doka. Sai kin haddace ranar haihuwar Leticia za ki fita da shi. Mutum biyu ba sa zuwa a rana ɗaya. Idan kin dawo kuma sai kin zauna kin faɗi duk abin da likita ya ce, don ta bayanki ta san ciwon da ake zaton tana da shi. A takardun asibitin, Leticia baiwar Allah ta ga abin mamaki a shekara goma sha biyu. Tsawonta ya ƙaru ya ragu. Ta yi hawan jini ta warke ta sake yi. Haƙorin da aka cire mata ya sake tsirowa da ƙarfinsa. Likitocin ba sa daɗewa, shekara ɗaya biyu sun ƙara gaba, kuma yawancinsu fuskar kwamfuta suke kallo ba ta mara lafiya ba. Eufrosina tana alfahari da wannan tsari nata ƙwarai, ta kan ce ko gwamna bai kula da mutanensa kamar yadda take kula da nata ba.

Cikin bakwai ɗin akwai ƙanwarta Herminia, wadda ta goya a bayanta tun tana jaririya, shekara takwas ne tsakaninsu. Herminia mai sanyin hali ce, idan yayarta na ɗaki ba a ma sanin tana nan. A watan Yuni, ceri na tsaka da zuba, ta fara jiri, bakinta na yi mata ɗanɗanon ƙarfe. Ta ɗauki katin ranar Litinin aka ɗebi jininta. Ranar Alhamis aka kira waya, aka ce Leticia ta dawo gobe da safe a sake ɗiba, sakamakon farko bai yi wa likita daɗi ba.

Ceri mako shida ne kacal, kuma wadda ta yi fashin safiya biyu ta tarar da wata a tsaye a wurinta.

"Yaya, ba zan iya ba," in ji Herminia. "Na riga na yi fashin Litinin. Mai kula da layin aikinmu ko kallona bai yi ba da na dawo."

"To wa ya ce sai ke? Ni da yamma nake shiga. Zan je in ba su."

"Jininki?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, meye bambancin? Abin da ke cikin naki yana cikin nawa. Kuma idan aka ƙi zuwa za su fara tambayoyi, ni ba na son tambayoyi a kan katin nan."

Haka aka yi. Eufrosina ta je ta naɗe hannun riga, ta ma yi wa mai ɗibar jinin tsiya cewa hannunsa na rawa. Bayan kwana huɗu aka kira aka ce komai lafiya lau, na farkon kuskuren gwaji ne. Ta dafa tamale, wani irin alale na masara, tukunya guda ta raba wa maƙwabta don murna, ba ta san murnar me take yi ba.

A ƙarshen Agusta Herminia ta kumbura. Da safe idanunta da kyar suke buɗewa, ƙafarta idan aka danna sai yatsa ya bar rami. Eufrosina ta raka ta asibitin a matsayin 'yar rakiya. Likitan sabo ne, matashi, mutum ashirin na jiransa a waje. Ya juyo musu da fuskar kwamfutar ya nuna lambobi biyu, tafinta na fassarawa ta waya. Na farkon, in ji shi, da ya tsorata kowa. Amma ga na biyun nan, ƙodar mai wannan jini ta fi ta 'yar shekara ashirin lafiya, saboda haka ba ƙoda ba ce. Tsayuwa ce ta yi yawa ga zafi. Ta rage gishiri, ta sa doguwar safa mai matse ƙafa, ta dawo bayan wata uku.

Eufrosina ta kalli lambobin nan biyu, ita da ba ta iya karatu sosai ba, ta gane abin da ta aikata. Ƙodar da likita ke yabo tata ce. Ta ƙanwarta ita ce ta farkon, wadda ta tsorata kowa, kuma wata biyu ke nan tana lalacewa ba mai dubawa. Tsoro ya kama ta irin wanda ko a hamada, lokacin tsallako iyaka, bai kama ta ba.

Ranar Lahadi bayan coci ta tara matan a bayan tirelarta ta faɗa musu. Ta ce ta koma ta roƙi a sake ɗibar jinin, an ce likita ya rubuta wata uku, sai wata uku. Hanya ɗaya ta rage, ta je ta faɗi gaskiya.

Chona ce ta fara magana, mai 'ya'ya huɗu, mai baki kamar almakashi.

"Gaskiyar wa za ki faɗa, Fina? Idan kika buɗe baki, mu bakwai kika buɗe wa ƙofar farar motar jami'an shige da fice. Ke ɗanki ya girma yana Oregon. Ni wa zan bar wa nawa?"

"Ba zan faɗi sunan kowa ba."

"Ke? Ke da idan kika yi raɗa ana ji a bakin titi?"

Aka yi dariya kaɗan, ba ta yi nisa ba. Herminia da ke zaune a kan bokiti ta ce a bari kawai, wata uku ba shekara ba ce, ita ta ji sauƙi ma. Da aka watse ta tashi za ta shiga ɗaki. Matakala uku ce a ƙofar tirelar, sai da ta huta a ta biyu tana riƙe da ƙarfe. Eufrosina na tsaye tana kallo.

Ranar Talata da safe ta shirya irin shirin da kowa a unguwar ya sani amma ba mai fatan yi. Ta sa rigar sanyi biyu da safa mai kauri, don an ce ɗakunan da suke tsare mutane sanyi gare su kamar firji. Ta cire 'yan kunnenta. Ta rubuta lambar ɗanta da biro a kan damtsenta. Ta ajiye makullin tirela ƙarƙashin tukunyar barkono inda Herminia za ta gani, ta ɗauki katin ta fita cikin zafin da ke narkar da kwalta.

Marisela ce a bakin aiki, nas ɗin da ta fi kowa daɗewa a wurin, haifaffiyar garin, iyayenta ma tuffa suka tsinka.

"Doña Leticia, rigar sanyi a wannan zafin? Zazzaɓi ne?"

"Ba sunana ke nan ba, 'yata." Ta aza katin a kan tebur. "Sunana Eufrosina Bautista. Ba ni da takarda. Jinin da aka ɗiba na biyu a watan Yuni nawa ne, na farkon na ƙanwata ne, kuma tana mutuwa. Ki kira wanda za ki kira, na shirya. Amma a fara duba ta."

Ta faɗe shi da muryarta ta kullum, har masu jira a benci suka ɗago kai. Marisela ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Ta buɗe fayil ɗin ta daɗe tana gungurawa, sannan ta dafe goshi.

"Ku nawa ne?"

"Ba zan faɗa ba."

"Haƙorin nan ya daɗe yana damuna," in ji Marisela, kamar da kanta take magana. Ta juyo. "Doña, wa ya ce muku muna neman takarda a nan? Ga shi can a bango da harshenmu, tun kafin in fara aiki. Ba ma tambaya."

"Masu karatun cikinmu sun gani. Sun ce tarko ne."

Marisela ta fita ta dawo da mutum biyu. Dakta Lindgren, babbar likitar wurin, doguwar dattijuwa mai furfura, da Mista Pruitt mai kula da ofis. Likitar ta duba lambar farko sau ɗaya ta ce a kawo mata mai jinin nan yanzu, ba gobe ba. Mista Pruitt kuwa ba mugu ba ne, mutum ne da Allah ya yi shi da tsoron takarda. Ya ce wannan babbar magana ce, an yi shekaru ana shigar da bayanan ƙarya, shi sai ya ji daga lauyan asibitin kafin a taɓa komai, kuma wataƙila dole a rufe fayil ɗin a sanar da na sama. Marisela na fassarawa tana sassauta kalmomin, amma Eufrosina ta ga fuskarsa ta fahimta.

"Ki gaya masa daidai yadda zan faɗa, kar ki sa masa suga," ta ce. "Shekara goma sha tara nake tsaye ina zaɓar tuffar da 'ya'yansa ke tafiya da ita makaranta. Lokacin annoba kowa ya shige gida, mu aka ba wata takarda aka ce aikinmu dole ne, mu fito. Ranar nan ba wanda ya ce mu baƙi ne. Kafaɗar ƙanwata a nan ta lalace, ƙodarta ma a nan. Ƙasar da ta ci ƙarfin mutum, idan ya faɗi ita ya kamata ta ɗaga shi. Ƙaryar kuma ni na yi ta, ga ni a zaune, ba inda zan gudu da rigar sanyi biyu."

Marisela ta faɗa masa ba ta rage komai ba. Mista Pruitt ya yi ja har kunne. Dakta Lindgren ta ce masa ya kira lauyansa ya sha hira, ita dai ba a koya mata duba takardar zama ba a makarantar likita, kuma fayil ɗin da ya haɗa mata da yawa a jiki ɗaya gyara yake buƙata kafin ya kashe wata. Sai Mista Pruitt ya tambayi Marisela fom nawa za a buga na sabbin marasa lafiya.

Eufrosina ta dube shi sosai. "Bakwai," ta ce.

Kafin azahar ta je ta janye Herminia daga kan layi, mai kula da layin na magana ba ta ko waiwaye shi ba. Da yamma an kwantar da ita a babban asibitin birni da sunanta na yanka, wanda rabon da a rubuta shi a wata takarda tun ranar aurenta. Kwana tara ta yi, sau uku ana sa ta a injin wankin jini. Wata ma'aikaciya ta zo da fom ta ce jihar tana da tsari na masu ciwon ƙoda mai tsanani ko ba su da takardu, ta cike musu. Likitocin suka ce da an cika wata ukun nan, da magana ta ƙare. Ko ƙodar za ta farfaɗo ta riƙe kanta, ko injin ne har ƙarshen rai, wannan sai nan da wata shida za a sani.

Raba fayil ɗin aka sa ranar Asabar, bayan an tashi. Mata huɗu suka bi Eufrosina suna ɗar-ɗar, kowace da rigar sanyinta a hannu. Chona ta zo amma ta ƙi fitowa daga mota, ta ce idan ta ga wata farar mota ita ta wuce. Marisela ta baza shafuka a kan dogon tebur tana karantowa, mai ciwo na ɗaga hannu. Tsakuwar ciki ta wannan ce. Ƙaiƙayin fata na waccan ne. Aka gano wata ta yi shekara uku tana shan maganin hawan jinin da ba nata ba, mai hawan jinin kuma tana shan shayin ganye. Da aka zo kan basir ba wadda ta ɗaga hannu, sai Eufrosina ta leƙa taga ta ɗaga murya.

"Chona, ga basir ɗinki nan za a rubuta wa Remedios da ke zaune nan. Kin yafe?"

Ƙofar mota ta buɗe. Chona ta shigo tana huci, ta ce shekara huɗu tana fama da abinta ba za a ba wata ba, kuma Allah ya isa tsakaninta da wannan murya. Ta zauna ta faɗi cikakken sunanta, har da na uwarta, ba a ma tambaye ta ba. Ba farar motar da ta zo, ranar nan ko bayanta.

Labari ya zaga gonaki. Bayan mako biyu wani tsoho mai aikin datse rassan itatuwa, Don Nemesio, ya tsaya a ƙofar Eufrosina yana murza hularsa, ya ce yana da 'yar magana.

"Mu goma sha ɗaya ne a kan wani Rigoberto," ya ce. "Shi Rigoberton ya rasu tun tuni."

Ta kai su da kanta, mota uku. Daga nan asibitin ya ɗauke ta aikin sa-kai na ranar Asabar, tana bin gonaki da majami'u tana gaya wa mutane su je da sunansu. Marisela ta so ta ba ta lasifika, Dakta Lindgren ta ce asarar batir ne. Duk wannan Eufrosina tana yi ne da rabin zuciya. Ɗaya rabin yana kicin, inda take dafa wa Herminia abinci ba gishiri, tana ƙirga mata ƙwayoyi safe da yamma, tana kallon ƙafarta duk lokacin da ta wuce. Ba ta taɓa ce mata yi haƙuri ba. Ta yi ta shirya maganar, idan ta zo bakinta sai ta koma faɗa a kan ruwan da Herminia ba ta sha ba.

A watan Maris, itatuwa sun fara toho, suka je jin sakamako wurin likitan ƙoda. Ya ce ƙodar ba za ta koma sabuwa ba, magani kuma har abada ne, amma ta farfaɗo ta riƙe kanta. Ba sauran inji. Herminia ta yi godiya a hankali yadda ta saba. Sai da suka fito wurin ajiye motoci Eufrosina ta jingina da ƙofar motar ta fashe da kuka, kafaɗunta na rawa.

"Ni na kusa kashe ki, Minia. Da hannuna."

"Ni na bar ki kika je, Yaya. Na san ba daidai ba ne, tsoron rasa wurina a layin aiki ya hana ni magana." Herminia ta gyara mata wuyan riga. "Kuma ke kika shiga wurin nan ke kaɗai kina zaton ba za ki fito ba. Na ga makullin a ƙarƙashin tukunya. Tun ranar na gama da wannan maganar, ke ce ba ki gama ba."

Eufrosina ta so ta amsa, murya ta ƙi fita, abin da ba a taɓa gani ba. Herminia ta miƙa hannu.

"Kawo makullin motar. Ba kya ganin hanya, ni zan kai mu gida."